Ranar da Tayar Baya Ta Yi Kuka

Shekarun baya, tun gashin kaina bai fara yin ritaya ɗaya bayan ɗaya ba, ina koyar da kimiyya a wata makarantar kuɗi a nan Agege. A ƙarshen wani zangon karatu, mahaifin wani ɗalibina, mai sayar da kayan gyaran babura, ya aiko mini da kyauta a cikin ɗan kwali. Sauran malamai wani ya samu shadda, wata ta samu atamfa. Ni da na buɗe nawa sai na tarar da na'urar lura da iskar tayar babur. Ba ni da babur, ban taɓa mallaka ba, keke ma sai da addu'a nake hawa. Duk da haka na yi wa mutumin godiya sosai, domin shi kaɗai ne a duniya ya taɓa zaton albashina zai kai ga abin hawa.

Ga waɗanda ba su taɓa ganin irinta ba, abin ba shi da wani girma. Wasu 'yan huluna ne guda biyu kamar murfin kwalbar turare, a murɗa ɗaya a kan bawul ɗin tayar gaba, ɗaya a kan na baya. Sai ɗan allo kamar fuskar agogon hannu, da ake ɗaurewa a kan babur kusa da mita. Hulunan ne ke aika wa allon labari, shi kuma ya nuna yawan iskar da ke cikin kowace taya. In iska ta fara zurarewa, lambar ta koma ja, na'urar ta kama wani siririn kuka irin na ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Ba ta yin shiru sai an gyara, ko an kashe ta.

Ban yi dogon tunani a kan wanda zan bai wa ba. Ina da aboki ɗan okada, wato ɗan acaɓa. Garinmu ɗaya, benci ɗaya muka zauna a firamare kafin ya bar karatu ya bi mahaifinsa gona. Ya riga ni zuwa Legas da shekaru, kuma ranar da na sauka daga mota da jakar takardu, ban san inda zan kwana ba, shi ya matsa mini a tabarmarsa. Kullum shi ke kai ni makaranta da safe, in an tashi kuma in tako zuwa tasharsu ya mayar da ni gida. In na miƙa kuɗi sai ya tambaye ni ko zagi aka koya mini a jami'a.

Ba shi da gida a Legas, ba shi da fili a garinmu, iyalinsa suna can a ɗakin gado. Abin da ya tara a duk shekarun nan abu ɗaya ne, suna. A tasharsu, wata rumfar kwano a gefen layin dogo tsakanin mai shayi da wata mata mai tuwo, in baƙo ya sauka ba shi da kowa, wurinsa ake nuna masa. In ka ji an ce "je wurin wane, ba ya hanawa," to shi ne wanen. Yana ji da wannan suna yadda wasu ke ji da benensu, kuma ban ga laifinsa ba, don bai taɓa samun wani abin da zai ji da shi ba.

Ranar wata Asabar na kai masa kwalin. Na sa gilashina, na buɗe takardar bayani, wadda aka rubuta da wani irin Turanci da ko ɗalibina mafi rauni ne ya kawo mini shi sai na kira iyayensa. 'Yan tasha suka kewaye mu. Ganin jama'a, ciwon malanta ya motsa, na shiga darasi ba wanda ya roƙe ni. Na ce iska in ta ji zafi kumbura take yi. Na ce taya in iskarta ta yi ƙasa tanƙwaruwa take yi tana ɗaukar zafi har ta gaji. Na ce babban yatsa, wanda shi ne ma'aunin iskar da suka gada, ba ya iya bambance tayar da ta cika da wadda ta yi asarar iska mai yawa, duk tauri zai ji.

Akwai wani matashi haifaffen Agege, irin waɗanda Hausarsu ke tafe da Yarbanci a goye. Ya bari na kai aya, sannan ya ɗaga hannu kamar a aji.

"Oga Tica, abeg, in ta hango masu kamen babur ma tana kuka?"

Na ce a'a.

"To ba ta san abin da ke kashe mu ba."

Mai facin tashar, wani Bayarabe da ya iya Hausa kamar a Fagge aka yanke masa cibiya, ya zo ya leƙa. Ya danna tayar, ya ƙwanƙwasa ta da sifana, ya ce iska ta yi daidai. Allon ya ce ta yi yawa. Ya dubi allon sama da ƙasa ya ce abin ɗan China ne, bai san titin Legas ba. Daga ranar gaba ta ƙullu tsakaninsa da na'urar.

'Yan okada suna son a ɗura wa taya iska har ta koma dutse, wai babur ya fi gudu kuma bai cika shan mai ba. Abokina ya rage tasa zuwa inda na'urar ke so, don dai kar in ji kunya. Sai ya lura babur ya fi kama titi in an yi ruwa. Bayan 'yan makonni, yana kan hanyar Ikorodu da wata mata mai goyo, na'urar ta fasa kuka. Ya gangara gefe, ya duba, ga ƙusa ta nutse a tayar gaba har kai. Daga nan ya ba da gaskiya. Ya sa mata suna 'yar Malam. Da safe ita yake fara gogewa kafin madubi, in na hau kuma sai ya ce, "'Yarka ta kwana lafiya, ba ta yi fitsarin kwance ba."

To, sai na yi muku bayanin wata al'ada ta tashar, domin in ba ku san ta ba, abin da ya biyo baya zai zame muku kamar wauta, alhali ba wawa ko ɗaya a cikin labarin nan.

Lokacin hukuma na tsananta kamen babura. Mutum zai fita da safe a kan babur ɗinsa, ya dawo da rana a ƙasa, hular kwano a hannu. Irin waɗannan ba sa komawa ɗaki, tasha suke zuwa su zauna a benci. Masu babur kuma in sun tsaya salla ko cin abinci ko ɗan hutu, sai su miƙa wa ɗaya makulli ya ɗan taɓa. Abin da ya samo nasa ne, man da ya ƙona kawai zai mayar. Ba wanda ya kafa dokar, ba kuma wanda ya isa ya karya ta a fili.

Amma ba kullum mutum ke son bayarwa ba, kuma a wurinmu ba a duban idon magidanci a ce masa "ba zan ba ka ba." Sai a ɗora wa babur laifi. Birki ya yi laushi. Sarƙa na tsalle. Wanda aka fi so, don ba mai iya ƙaryata shi da ido, shi ne "tayar baya na sace iska." Mai roƙo ya gane, ya ce "Allah ya sawwaƙe," ya koma benci da mutuncinsa. Jim kaɗan mai babur ya ɗauki fasinja biyu da buhun garin rogo a kan wannan taya mara lafiya, ya wuce ta gabansa, ba mai ɗaga kai. Ladabi ne, kuma na yarda yana da kyau. Sai dai an yi ta yi wa tayoyi ƙazafi har ta kai in taya ta kamu da ciwon gaske, ba mai tsaya mata shaida. Abokina kuwa, babban abin alfaharinsa shi ne bai taɓa furta wannan magana ba ko sau ɗaya.

Cikin masu zaman benci akwai wani dattijo mutumin Nijar, dogo, siriri, mai ƙarancin magana. Ya yi shekaru yana gadi a wani kamfani a Ilupeju yana tara kuɗi, har ya sayi babur, wanda shi yake kira moto. Bai cika shekara a hannunsa ba aka kama. Ni Mushe yake ce mini, wai haka suke kiran malamin boko a can. Abin da ya rage masa na sana'a mace ɗaya ce, wata Bayarabiya mai shago da ta saba kiransa ya kai ta Ilupeju sarin sabulu da biskit, ya dawo da ita da kayanta. Ta yarda da shi ne don ba ya gudu. In ta kira bai zo ba, masu babur sun fi ƙudan mahauta yawa, wani za ta samu, kuma ba za ta sake kira ba.

Ranar da abin ya faru, an tashi makaranta na taho tasha kamar kullum, rana na dukan kwanon rumfa. Na tarar abokina ya kafe babur ke nan, na'urar na ta kuka, lambar baya ta yi ja.

"'Yarka tun daga kan gada take mini tsiwa," in ji shi. "Na biya wurin mai faci, na tarar ya rufe, wai ya tafi biki. Bari mu ci tuwo in tura shi can gaba wurin wani. Yau sai dai ka hau bas ɗin danfo kamar sauran talakawa."

Muka zauna, aka kawo tuwo da miyar kuka. Kafin mu gama wanke hannu na ga lambar ta ƙara sauka.

Sai ga dattijon, waya a hannu. Ina kallo ya tsaya wurin mutum na farko, aka ce masa birki. Na biyu ya ce sarƙa. Na uku ko kai bai ɗago daga wayarsa ba ya ce taya. Duk ya ce musu Allah ya sawwaƙe. Wurin abokina ya zo a ƙarshe, ba don komai ba sai don ya riga ya karɓa sau da yawa a makon, kunya ta fara yi masa nauyi. Ya yi mana sannu da cin abinci.

"Bismilla, Baba," in ji abokina.

"Alhamdu lillahi, a ƙoshe nake." Kowa ya san bai ci komai ba. Ya ɗan juya wayar a hannunsa. "Madam ce ta yi kira. In moto na hutawa, in je in dawo kafin la'asar."

Na'urar na kuka a tsakaninmu. Abokina ya dubi allon, ya dubi dattijon. Na san shi tun muna yawo ba wando, ban taɓa ganin fuskarsa ta rasa inda za ta sa kanta ba sai ranar. Da shirun ya yi tsawo, sai na yi abin da malami ke yi in aji ya yi shiru, na ba da amsa da kaina.

"Baba, yau kam ba zai yiwu ba. Tayar baya tana sace iska. Ga shi ma kana ji."

Dattijon ya yi murmushi irin na wanda ya saba. "Allah ya sawwaƙe, Mushe." Ya juya zai koma benci.

Da a nan aka tsaya, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma matashin nan haifaffen Agege yana kishingiɗe a kan babur ɗinsa, ya ce da muryar da kowa zai ji, "Oga ya ci gaba o. Mu da bakinmu muke hanawa. Shi ya samo inji yana yi masa, ga kuma lauya mai gilashi."

Aka yi dariya, ba mai yawa ba, amma ta isa. Wani ya ƙara da cewa, "Ina ake sayar da ita ne? Ni ma in ɗaura wa aljihuna, in 'yan gida sun bugo waya ta riƙa kuka."

Abokina ya tsame hannu daga tuwo ya wanke. Ya tashi ya je ya danna tayar da babban yatsa a gaban kowa. Ta ƙi lotsawa, kamar yadda na sha gaya musu za ta ƙi. Sannan ya ɗora yatsan a kan maɓallin na'urar, ya riƙe har allon ya mutu.

"Baba," ya kira shi. "Dawo. Zafin rana ne ya ruɗa ta. Ga makulli."

Na ce, "Zafi ƙara lamba yake yi, ba ragewa ba."

"Malam, tuwonka na hucewa."

Na juya wurin dattijon na ce ko da zai tafi, ya daure ya tsaya wurin mai facin farko da ya gani a hanya. Ya ce, "To, Mushe," irin to ɗin da ɗalibaina ke ce mini in na ce su yi karatu a lokacin hutu. Wayarsa ta sake ƙara, madam na jira. Ya tayar da babur, ya hau titi a hankali yadda ya saba. Abokina ya bi shi da ido, ya buɗe baki kamar zai ƙwala masa kira, sai ya rufe. Ya dawo ya zauna gaban kwano, bai ƙara ko loma ba.

"Da sauran iska a ciki," ya ce, ba kuma ni yake gaya wa ba. "Shi kuma ba ya gudu."

Ban hau danfo ba. Na zauna ina gyaran aikin yara a kan gwiwata, ina ba da makin da ban san dalilinsa ba. Muka yi la'asar, dattijo bai dawo ba. Muna saka takalma wayar abokina ta yi ƙara. Lambar dattijon ce, muryar wani ce daban, yana magana da Turancin Legas da sauri, yana tambaya ko mun san mai wayar.

Ashe sun je lafiya, sun yi sari, an ɗaure kwalaye a baya, madam ta hau. A hanyar dawowa, suna gangarowa daga gada wajen Oshodi, tayar baya ta saki gaba ɗaya lokaci guda. Babur ya yi rawa, ya kwanta. Matar ta faɗa kan kwalayenta, ta kuje hannu da gwiwa, ta tashi da ƙafafunta. Dattijon ƙafarsa ta hagu ta maƙale a ƙarƙashin babur, danfon da ke biye da su kuma ya taka birki, birkin bai isa ba.

A asibiti likitoci suka ce sai an yanke. 'Yan garinsu suka ƙi, suka ɗauke shi zuwa wurin mai ɗori, domin a kunnen ɗan okada asibiti da zarto kusan abu ɗaya ne. Aka yi makonni ana ɗaura kara ana shafa mai, har ɗakin ya fara wani wari da kowa ya gane amma ba mai faɗa. Aka mayar da shi asibiti. Da farko ƙasa da gwiwa suka ce. A karo na biyu sai da suka hau sama.

Da aka karɓo abin da ya rage na babur, mai faci ya zare tiyub ɗin a gabanmu. Wani tsohon faci ne ya ɗaga baki, ta nan iskar ke sulalewa. Da ta yi ƙasa aka kuma ɗora mata mutum biyu da kaya, sai tayar ta riƙa zamewa a kan ƙarfenta tana jan tiyub, har ta tsinke bawul daga tushe. 'Yar hular tana nan a murɗe a kan guntun bawul ɗin, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Mai faci ya juya ta a tafin hannunsa, ya miƙo mini. Ranar bai ce komai a kan China ba.

Na zaci tasha za ta juya wa abokina baya. Ashe ban san mutanena ba. Ba wanda ya ce uffan a kan kukan da kowa ya ji. Aka ce ƙaddara ce, kwana bai ƙare ba, ƙafa ce rabonta ya ƙare. Matashin nan shi ya fi kowa zirga-zirgar kai abinci asibiti, sai dai ya daina haɗa ido da mu. Abokina ya sayar da ragowar babur ya zuba a magani. Shi ke zaman jinya, shi ke ɗaga dattijon zuwa bayan gida, shi ke wanke masa tufafi. Sunansa ya ƙara tashi. Har a masallacin unguwa aka buga misali da shi, ga mutumin da ya ba da abin hawansa, ya rasa, ya kuma bi da jinya. Ina kusa da shi a sahu ranar. Ya sunkuyar da kai kamar wanda ake karanta wa tuhuma a gaban alƙali.

Da ciwon ya kame, 'yan garin dattijon suka samar masa wuri a wata babbar mota da ta kawo albasa za ta koma arewa. Muka raka shi da hantsi. An shimfiɗa masa katifa a kan buhunan wofi, sanduna biyu a gefensa. Abokina ya hau motar ya gyara masa matashi, ya daɗe yana gyaran abin da ya riga ya gyaru. Can ya ce:

"Baba, akwai maganar da nake so ka sani kafin ka tafi. Ranar nan abin da Malam ya faɗa gaskiya ne. Tayar tana sacewa. Ina sane na ba ka."

Ni ina ƙasa, riƙe da ƙarfen mota, ina jiran ko fushi ko kuka. Dattijon ya dube shi kamar wanda aka kawo wa labarin bara.

"Ai na sani. Kunnena lafiya lau, na ji ta tana kuka. Na ce a raina iskar za ta kai ni ta maido ni." Ya kama hannunsa ya riƙe. "Ran nan mutum uku suka ce mini motonsu ba lafiya, alhali lafiyarsa ƙalau. Kai naka ba lafiya, ka ba ni. Ba ni da abin cewa sai Allah ya saka maka. Har gida zan kai labarinka."

Sannan ya leƙo ta gefen mota ya ce, "Mushe, a gai da 'yan lakwal," wato ɗalibaina.

Mota ta tashi, ta bar mu cikin hayaƙi da warin albasa. A ƙasa muka koma, muna bin gefen layin dogo. Mun yi nisa kafin abokina ya ce, "Da ma zagina ya yi, Malam."

Ya yi kusan shekara yana dako a kasuwa kafin ya sake samun babur. Abu na farko da ya saya masa, tun kafin madubi, na'ura ce irin waccan, da guminsa. Ranar da ya dawo tasha aka yi ta murna, mai bayarwa ya dawo. Ina wurin, don Asabar ce. Kafin azahar wani magidanci da aka kama wa babur ya zo ya tsaya a gabansa yana shafa ƙeya.

"Yaya, in babur na hutawa..."

"Yana hutawa," in ji abokina. "Lafiyarsa ƙalau, birki da sarƙa da taya duka. Ni ne ba zan bayar ba."

Da ashar ya ɗura masa da an fi saurin yafe masa. Mutumin ya ga "Allah ya sawwaƙe" ba ta da mazauni a nan. Ya juya ya fita daga tashar gaba ɗaya.

A hanyar gida na tambaye shi, tunda babur lafiya lau yake, me ya hana shi bayarwa.

"In na ba shi yau, gobe ya dawo 'yarka tana kuka, me zan ce masa?" in ji shi, idonsa a kan titi. "An gwada ni sau ɗaya, na ga abin da na yi. In aka sake, shi zan sake yi. Gara kar in fara."

Sunan da ya yi shekaru yana tarawa bai yi wata guda ba ya narke. Wasu suka ce asara ce ta taɓa masa zuciya, wasu suka ce Legas ce ta shige shi a ƙarshe. Baƙo in ya sauka, wani ake nuna masa. Har yau yana sayen tuwo ya tura wa masu zaman benci, amma ba a lissafa wannan, makulli shi ne kyauta a tasha. Abu ɗaya na lura: in ya dubi babur ɗin wani ya ce "sauka, tayarka ba iska," sauka ake yi a duba, don an san ba ya yi wa kowa kara. Ban san ko mutum nawa wannan ya tsare wa ƙafa ba. Su ma ba su sani ba, shi ya sa ba mai gode masa.

Ni kuwa har yanzu ina koyar da babin iska da zafi duk shekara. Ina gaya wa yara na'ura ba ta ƙarya, kuma gaskiya nake gaya musu. Masu babur a cikinku, in kuna da hali ku saya ku ɗaura, in ta yi kuka ku gangara gefe, kar ku tsaya shawara da babban yatsa. Abin da ba ya cikin manhaja shi ne, wanda ya ƙera ta ya ɗauka da zarar mutum ya sani, magana ta ƙare. A rumfar nan ranar ba sani ne ya yi ƙaranci ba. Mai babur ya sani, mai aro ya sani, ni na sani har da dalili, masu dariya ma sun ji da kunnensu. Hanyar da za a faɗa ba tare da an zubar da mutuncin wani ba, ita ce ba mu da ita. Na sha zama in tsine wa al'adar a raina, sai in tuna ita ce ta ciyar da dattijon watanni lokacin da ba shi da komai, sai in rasa wanda zan tsine wa. Abin da ya rage mini shi ne, ko ƙararrawar firij na ji a shago tana irin wannan siririn kuka, sai abinci ya fita raina.

Duk shekara in 'yan ci-rani sun dawo, sai an kawo wa abokina gaisuwa daga Nijar, wani lokaci da ƙullin dabino ko cuku. Masu kawowa sukan tsaya su ƙare masa kallo, don sun daɗe suna jin labarinsa a ƙofar gidan wani dattijo mai ƙafa ɗaya. A can har yanzu shi ne mutumin da ba ya hanawa. Yakan karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya tambayi jikin Baba. In sun tafi sai ya miƙo mini ƙullin ya ce in kai wa yara. Bai taɓa ɗanɗanawa ba.